Bowman Gray: Ƙaramin Filin Tseren da Manya Suka Bari, Mutanen Gari Suka Riƙe

Duk wanda ya taɓa shiga babban filin ƙwallo ya san layin nan na 'yan gudu da ke kewaye da ciyawa, wanda tsawonsa bai wuce mita 400 ba. To, ɗauki wannan layi a ranka, ka malala masa kwalta, ka jera motoci ashirin da 'yan kai a kansa bibbiyu, kowace da injin da in an taka totur sai ka ji ƙirjinka yana rawa. Ka zagaye su da 'yan kallo 17,000 a kan matakalan siminti masu siffar kofato, na sahun gaba suna kusa da motocin har suna shaƙar ƙaurin taya. Mota mai gudu takan kammala zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 13 ko kusa da haka. Kafin direba ya gama miƙe sitiyari daga wannan kwana, waccan ta riga ta iso masa.

Wannan shi ne filin Bowman Gray da ke birnin Winston-Salem a jihar Karolina ta Arewa, a kudu maso gabashin Amurka. Tun 1949 ake tseren motoci a cikinsa a daren Asabar, daga watan Afrilu zuwa Agusta, a ƙarƙashin ƙungiyar NASCAR, kuma babu wani filin mako-mako na ƙungiyar da ya kai shi daɗewa. Masoyansa suna masa laƙabi da Madhouse, wato gidan mahaukata, kuma ba sa jin kunyar sunan.

Amurka cike take da irin waɗannan ƙananan filaye, wasu na ƙasa wasu na kwalta, inda makanikan gari da masu tura kaya da 'yan kwangilar gini suke fito da motocin da suka haɗa da hannunsu a garejin bayan gida. Da yawa daga cikinsu sun mutu, ciyawa ta cinye, ko an sayar da filin an gina rumbunan ajiye kaya. Abin da ya ja hankalina ga Bowman Gray shi ne yadda ya ƙi mutuwa, duk da cewa manyan tseren sun juya masa baya har tsawon shekara 54.

Filin ƙwallo aka gina

Ba don motoci aka gina shi ba. A 1937, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aikin yi, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt tana ɗaukar marasa aiki su gina hanyoyi da makarantu da filayen wasa. A cikin wannan shirin aka gina filin. An raɗa masa sunan Bowman Gray, tsohon shugaban kamfanin taba sigari na R.J. Reynolds, wanda ya rasu a 1935, kuma matarsa ta ba da gudummawar kuɗi wajen ginin. A wancan zamani Winston-Salem garin taba ne tun daga tushe. Kamfanin Reynolds, mai sigarin Camel, shi ne babban mai ɗaukar ma'aikata, kuma sunayen manyansa suna kan asibiti da makaranta da titi.

Wasan farko da aka yi a filin, a kakar 1938, ƙwallon Amurka ne, irin wanda ake runguma da hannu, tsakanin kwalejin Wake Forest da jami'ar Duke. Bayan haka aka shigo da tseren dawaki masu jan keken mutum ɗaya a kan layin ƙasa da ya kewaye ciyawar. Daga 1939 sai ƙananan motocin tsere suka fara zagaya wannan layi, suna tayar da ƙura a kan 'yan kallo.

A 1947 wani mai shirya wasanni ya lallashi hukumar birni ta zuba kwalta a layin, da alkawarin zai riƙa biyanta daga kuɗin ƙofa. Aka zuba kwalta, shi kuwa ya cika wandonsa da iska bai biya ko kwabo ba. Birni ya tashi da bashi da kuma layin kwalta da babu mai amfani da shi yadda ya kamata.

Irin wannan cuta ta zama ruwan dare a tseren motoci na lokacin. Direbobi su kasada da ransu, a gama tsere, a nemi mai shirya wasa a rasa, ya gudu da kuɗin ƙofa da na kyauta. Wannan na cikin dalilan da suka sa wani makanike mai suna Bill France, mazaunin Daytona Beach a jihar Florida, ya tara direbobi da makanikai da masu filaye a otal ɗin Streamline a watan Disamban 1947, suka kafa NASCAR, wadda aka yi wa rajista a Fabrairun 1948. Alkawarin ƙungiyar bai da tsawo: doka ɗaya ga kowa, kuma wanda ya ci za a biya shi.

Su wa ke tuƙa motocin? Da yawa daga na farkon 'yan fasa-ƙwaurin barasa ne. A tsaunukan yankin akwai masu dafa barasa a ɓoye cikin daji don kauce wa haraji, kuma samari ne ke kai ta birane cikin dare. Sukan ɗauki mota ƙirar Ford, su ƙara wa injin ƙarfi, su ƙarfafa sifirin don ɗaukar nauyi, su bar bodin yadda yake don kada jami'an haraji su gane. Wanda ya saba tsere wa hukuma a kan hanyar dutse cikin duhu, ranar hutu sai ya so ya gwada motarsa da ta abokinsa. Junior Johnson, daga gundumar Wilkes da ke yamma da Winston-Salem, sai da ya yi wata 11 a gidan yari saboda dafa barasa a ɓoye kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan sunayen tseren. Wannan shi ne asalin abin, kuma mutanen yankin ba sa ɓoye shi.

Bill France da abokinsa Alvin Hawkins suka ga wancan layin kwalta na Winston-Salem, suka karɓi hayarsa daga birni. Ranar 18 ga Mayu, 1949 aka yi tseren NASCAR na farko a filin, Fonty Flock ya ci. Ƙanensa Tim Flock ne ya zama zakaran kakar farko. Wata guda bayan wannan ranar ne ma aka yi tseren farko na babban rukunin NASCAR a Charlotte, wato Bowman Gray ya girmi gasar da a yau ake kira Cup. Iyalan Hawkins suka ci gaba da gudanar da filin daga uba zuwa ɗa zuwa jika, fiye da shekara 70.

Gidajen da suka tashi a nan

In kana son fahimtar filin, bi ta kan zuri'ar Myers. Billy da Bobby Myers 'yan'uwa ne, dukkansu gwanayen Bowman Gray a farkon shekarun 1950. A watan Satumban 1957, a babban tseren Southern 500 da ake yi a Darlington, motar Fonty Flock, mutumin nan da ya ci tseren farko, ta juya ta tsaya a tsakiyar hanya. Bobby Myers ya taho a guje ya afka mata, ya rasu. Flock ya ji mugun rauni, bai sake tsere ba. Wata bakwai bayan haka, a Afrilun 1958, Billy Myers yana cikin tsere a Bowman Gray zuciyarsa ta buga, shi ma ya cika. Gida ɗaya ya binne maza biyu cikin ƙasa da shekara, dukkansu sun bar ƙananan yara.

Wani zai ce iyalin za su tsani ƙarar inji har abada. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gary, ɗan Billy, ya girma ya yi tsere a wannan filin da mahaifinsa ya rasu. 'Ya'yan Gary, wato Burt da Jason Myers, su ma suka shiga, kuma Burt ya ci kambun filin sau goma da ɗoriya. Ɗan Bobby kuwa, Danny Myers, wanda kowa ya sani da laƙabin Chocolate, ya zama mai zuba mai a motar direban nan Dale Earnhardt a shekarun da Earnhardt ke kan ganiyarsa. Har yau akwai lambar yabo da ake bayarwa duk shekara a duniyar NASCAR da sunan 'yan'uwan biyu, kuma tseren da babban rukuni yake yi a filin a wancan lokaci an sa masa sunansu.

Akwai kuma yaron nan maraya mai tallar gyaɗa. An haifi Richard Childress a Winston-Salem a 1945, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyar. Yakan shiga filin ya yi ta hawa da sauka a matakala yana sayar da gyaɗa da gugguru, idonsa na kan motoci. Da ya tasa sai ya sayi tsohuwar tasi ƙirar Plymouth ta 1947 a kan dala 20, ya shiga tsere da ita a nan. A matsayin direba bai taɓa cin tseren babban rukuni ba. Amma da ya sauka daga mota ya zama mai ƙungiya, ya sa Dale Earnhardt a kujerar, suka ci kambun ƙasa sau shida tsakanin 1986 da 1994. A wannan ƙungiyar Chocolate Myers yake ɗaukar jarkar mai. Marayu biyu na fili ɗaya, suka haɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya a ƙauyen Welcome, 'yar tafiya kaɗan kudu da birnin.

Hatta iyalan France suna da nasu rabon. A wannan filin Bill France ƙarami ya haɗu da Betty Jane Zachary, 'yar Winston-Salem, suka yi aure a 1957. Daga baya shi ya gaji mahaifinsa a shugabancin NASCAR. Za mu sake jin labarin jikansu a gaba.

Daga 1958 zuwa 1971 babban rukunin NASCAR, wanda a lokacin ake kira Grand National, ya yi tsere 29 a Bowman Gray. Bob Welborn ya ci na farko. Rex White ya ci shida, ya fi kowa. Glen Wood, mai sana'ar yankan katako daga Stuart a jihar Virginia, nasarori huɗu ya samu a babban rukuni duk rayuwarsa, kuma dukkansu a nan ne. Ƙungiyar da ya kafa da 'yan'uwansa, Wood Brothers, tana nan tana tsere har gobe. A watan Agustan 1969 Richard Petty, wanda ake kira Sarki, ya ci nasararsa ta 100 a wannan 'yar da'irar, rabin hanya ke nan zuwa 200 da ya kammala da su.

Wanda aka hana shiga

Ba zan ba da wannan tarihi in tsallake Wendell Scott ba. Baƙar fata ne daga Danville a jihar Virginia, direban tasi, makaniken soja a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi ma ya taɓa jigilar barasa kamar sauran. A farkon shekarun 1950, lokacin da dokokin wariyar launin fata ke aiki a kudancin Amurka, ya gyara motarsa ya ja ta zuwa wani tseren NASCAR a Winston-Salem. Jami'ai suka ce baƙaƙe ba sa shiga. Kamar yadda marubucin tarihinsa Brian Donovan ya kawo, da hawaye ya koma gida. Bayan 'yan kwanaki ya gwada a High Point, aka sake korarsa.

Bai bari ba. Ya yi ta tsere a filayen da ba na NASCAR ba har ya samu lasisi, ya hau babban rukuni a 1961, ya dawo ya zagaya Bowman Gray tare da su Petty, da motocin kwance da shi da 'ya'yansa suke gyarawa. Ranar 1 ga Disamba, 1963 ya ci tsere a Jacksonville, amma aka kaɗa wa Buck Baker tutar nasara. Sai bayan 'yan kallo sun watse aka yarda cewa Scott ne ya ci, kuma ba a ba shi kofi ba. Ya rasu a 1990. An shigar da shi zauren gwarazan NASCAR a 2015, kofin kuwa sai 2021 aka miƙa wa iyalansa.

Abin da ya ƙara wa wannan labari nauyi shi ne wurin da filin yake. Yana maƙwabtaka da jami'ar Winston-Salem State, wadda Simon Green Atkins ya kafa a 1892 don ilimantar da baƙaƙen fata, kuma a kan wannan ciyawa da motoci ke kewayawa ƙungiyar ƙwallon jami'ar take buga wasanninta na gida. Jami'ar tana da kwas na digiri a kan gudanar da harkar tseren motoci. Ɗaya daga cikin ɗalibanta, Rajah Caruth, ya ci tseren rukunin motocin a-kori-kura na NASCAR a Las Vegas a watan Maris na 2024, ya zama baƙar fata na uku da ya ci tsere a matakin ƙasa, bayan Scott da Bubba Wallace. Uku kacal cikin shekara 60. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna girman ɓarnar da waccan ƙofa da aka rufe ta yi.

Daren ƙarshe, da kuɗin taba

Ranar 6 ga Agusta, 1971 babban rukuni ya yi tserensa na ƙarshe a filin, zagaye 250. A shekarar motoci sun yi ƙaranci, don haka NASCAR ta yarda ƙananan motoci na wani rukuni mai suna Grand American su cike gurbi. Bobby Allison ya lura cewa a 'yar da'ira mai kwana kusa-kusa ƙaramar mota za ta fi saurin juyawa, kuma ba ta shan mai da yawa. Ya shigo da Ford Mustang, ya riga kowa, Richard Petty ya zo na biyu. Aka ba shi kofi a gaban jama'a. Amma da aka zo rubutawa a littafi, sai aka ce motarsa ba ta babban rukuni ba ce, ba a ƙirga masa ba, ba a kuma ba Petty ba. Tseren ya zauna babu mai nasara.

Shekara 53 Allison yana cewa nasarorinsa 85 ne, littafi yana cewa 84. A watan Oktoban 2024 NASCAR ta amince ta rubuta masa. Wannan ɗaya tilo ta ɗaga shi sama da Darrell Waltrip, ya zama na huɗu a tarihi. Ranar 9 ga Nuwamba, ƙasa da mako uku bayan haka, ya rasu yana da shekara 86. Allah ya sa ya ji da kunnensa kafin ya tafi.

Me ya sa manya suka daina zuwa? Daga farkon 1971 doka ta hana tallar sigari a talabijin da rediyo a Amurka. Kamfanin Reynolds ya tashi da makudan kuɗin talla babu inda zai zuba. Junior Johnson ya je Winston-Salem neman su ɗauki nauyin motarsa, da ya ji yawan kuɗin da suke magana sai ya ce wannan ya fi ƙarfin mota ɗaya, ya tura su wurin Bill France. Daga nan gasar ta koma Winston Cup, sunan da ta riƙe har 2003. Kamfanin yana son manyan filaye da manyan taruka. A 1972 aka rage tsere daga 48 zuwa 31 a shekara, aka cire duk wanda bai kai mil 250 ba. Zagaye 250 a Bowman Gray kuwa mil 62 da rabi ne kawai, kimanin kilomita 100. Haka kuɗin kamfanin garin ya fitar da filin garin, mai ɗauke da sunan tsohon shugaban kamfanin, daga jadawali.

Yadda ya rayu

Ƙananan filaye da dama da aka cire a wannan shekara sun durƙushe sannu a hankali. Ko North Wilkesboro, wanda ya tsira a 1972, an rufe shi a 1996 aka kai ranakunsa manyan filaye a Texas da New Hampshire, ya zauna kango, bishiyoyi na tsirowa a wurin zaman 'yan kallo, sai 2023 babban rukuni ya koma can. Filin Myrtle Beach ya rufe a 2020, na Irwindale a Kalifoniya a ƙarshen 2024. Labarin kusan iri ɗaya ne: gari ya faɗaɗa ya iso bakin filin, maƙwabta suka fara ƙarar hayaniya, farashin ƙasa ya tashi, magada suka ga sayarwa ta fi riba.

Bowman Gray yana da garkuwar da waɗannan ba su da ita. Filin mallakar birni ne, don haka babu magajin da zai tashi wata rana ya sayar. Kuma yana da aiki biyu, tsere da bazara, ƙwallo da kaka, kowanne yana kare ɗan'uwansa. Sai kuma hikimar iyalan Hawkins, waɗanda jikan Alvin, Gray Garrison, ya jagoranta a shekarun ƙarshe na riƙonsu: sun riƙe tikiti da araha. A zamaninsu, har cikin wannan ƙarni, babba ya riƙa shiga da dala 12, a ƙasar da tikitin babban tsere ke lashe kuɗin cefanen mako. Akwai daren mata, da suke shiga da ɗan canji. Magidanci mai aikin masana'anta zai iya kwaso matarsa da 'ya'yansa duk Asabar ba tare da ya ci bashi ba, kuma yaron da aka kawo a kafaɗa shi ne zai kawo nasa bayan shekara 25.

Rukuni huɗu ne ke tsere a daren Asabar, kuma sarakunansu su ne motocin da ake kira Modified. Mota ce kwantacciya kamar an danne ta, tayoyinta masu faɗi a waje babu abin da ya rufe su, injin an karkatar da shi hagu domin duk kwanar hagu ce, ga sandunan ƙarfe a gaba da gefe. Waɗannan sandunan ba ado ba ne. A manyan filaye irin Daytona, wanda ya ninka Bowman Gray sau goma, ana ɗaga kwana kamar bakin kwano, mota ta jingina ta wuce ta sama ko ta ƙasa. Nan kuwa shimfiɗe yake kamar tabarma, ga ƙunci. Wanda ya kama layin ciki ya kama hanya. Mai son wucewa yakan manne wa na gaba, ya ɗan taɓa shi da bamba daidai lokacin da ya taka birki, motar ta zame taku ɗaya zuwa waje, shi kuma ya cusa hanci. In an yi da gwaninta, na gaba ya rasa matsayi ɗaya kawai. In an yi da mugunta, sai ya tsinci kansa a jikin shinge, janwe ya zo ya ɗauke abin da ya kwashe wata shida yana haɗawa.

Masu filin ma suna ƙara wa wutar itace. A daren da ake tsere biyu masu zagaye 25, wanda ya ci na farko yakan zaro lamba, a juya jerin gwargwadon lambar, masu gudu su koma baya, masu sanyi su dawo gaba. Zagaye 25 a nan bai kai minti shida ba in ba a tsaya ba. Babu lokacin haƙuri.

Daga nan sunan gidan mahaukata ya samu gindin zama. Direban da aka tura shinge yakan jira abokin gabarsa ya zagayo, ya bi shi da abin da ya rage na motarsa har cikin ciyawar ƙwallo, su yi ta karo, 'yan sanda su rugo su raba. 'Yan kallo sun rabu gida-gida, wasu na Myers, wasu na Tim Brown, wasu na Junior Miller, kuma adawar gado ce. A 2010 tashar History ta yi jerin shirye-shirye a kan filin da sunan Madhouse, daga nan bidiyoyin faɗan suka bazu a YouTube, har wanda bai taɓa taka Karolina ba ya san wurin.

A ra'ayina wannan suna ya cuci direbobin. Mota makami ce, kuma ranar da mai fushi zai bi ta kan ma'aikacin fili ko ɗan sanda, babu yawan tikitin da zai biya. Sannan faɗan yana rufe ainihin abin kallo. Tim Brown, wanda ya ci kambun filin sau 12, fiye da kowa a tarihi, makanike ne da ke aikin gyaran ƙafafun motocin tsere a ranakun mako. Ralph Brinkley ya ci sau takwas a zamaninsa. Mutum ba ya tara irin wannan da dambe. Yana tara shi ne da sanin yadda kwalta ke canjawa in rana ta faɗi, da iya ajiye tayar hagu a kan layi ɗaya sau 200 a jere, ga wani manne a bayansa.

Dawowar manya

A 2020 annobar korona ta hana kakar gaba ɗaya, amma da aka buɗe ƙofa a shekarar da ta biyo baya, jama'a suka dawo. NASCAR kuwa ta daɗe da gane cewa garin neman sababbin 'yan kallo a manyan birane ta yi sakaci da na gida. Da tsohuwar zuma ake magani. A watan Maris na 2024 ta sayi kamfanin iyalan Hawkins da ke riƙe da hayar filin, hayar da za ta kai 2050, filin kuma ya ci gaba da zama na birni. Cikin waɗanda suka jagoranci cinikin akwai Ben Kennedy, jikan Bill France ƙarami da Betty Jane, wanda shi kansa ya ci tsere a filin a 2013.

Aka kafa sababbin fitilu, aka cire tsohon shingen ƙarfe aka sa katanga mai shanye ƙarfin karo, aka ɗaga ragar kare 'yan kallo. Ranar 2 ga Fabrairu, 2025 aka kawo Clash, tseren share fage na babban rukuni, wanda aka fara a Daytona a 1979 kuma ya yi shekara uku a Los Angeles. Tikiti ya ƙare tun da sauran watanni. Cikin sanyin hunturu filin ya cika maƙil, Chase Elliott ya ci zagaye 200, Ryan Blaney da ya taso daga can ƙarshen jeri ya zo na biyu. An ba Tim Brown da Burt Myers motoci su gwada sa'arsu da taurarin talabijin. Dukkansu ba su samu shiga cikin motoci 23 na babban tseren ba, amma duk sanda aka kira sunansu sai filin ya ɗauki ihu, domin 'yan gida ne.

Na yi murna da wannan dare, kuma ina da fargaba. Tikitin Clash ya ninka na daren Asabar sau da yawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka saya baƙi ne daga wasu jihohi. Wannan ba laifi ba ne ga dare ɗaya a shekara. Laifin zai zo ne in sababbin masu haya suka ɗanɗana wannan kuɗi suka fara auna daren Asabar da mudunsa. Waɗanda suka riƙe filin daga 1972 zuwa 2024 ba taurari ba ne. Ma'aikatan masana'anta ne da makanikai da matan da ke zuwa a daren rangwame, da direbobin ƙaramin rukuni masu sayen tsohuwar mota daga 'yan gwangwan su kwana suna walda. Kirana ga NASCAR da hukumar birnin Winston-Salem shi ne su bar ƙofa yadda suka same ta, farashin da yaro mai tallar gyaɗa zai iya kaiwa, kuma su tabbatar da cewa ɗaliban jami'ar da ke maƙwabtaka suna da wuri a gareji da ofis, ba a wurin zaman 'yan kallo kaɗai ba.

Kakar tsere takan ƙare ne a watan Agusta. Da an kaɗa tutar ƙarshe an naɗa zakara, sai ma'aikata su gyara ciyawar da tayoyi suka tona, su ja layuka da farin fenti, su miƙa filin ga 'yan ƙwallon jami'ar Winston-Salem State. Motocin kuma su koma gareji sai Afrilu.